Kafin A Kai Kwamfuta Wurin Mai Gyara

Malamai da akawuna na Gusau da Tsafe da Bunguɗu sukan garzaya wurin mai gyara da zarar kwamfutar cinya ta ƙi kama intanet marar waya. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau. An yi asarar kuɗi ke nan, an kuma bar takardun ofis a hannun baƙo.

Kwamfuta daga wayar hannu ko 'yar na'urar rarrabawa take karɓar intanet, su kuma daga turken kamfanin sadarwa. Zamfarawa sun shaida haka a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sabuwa da tsohuwa duk suka yi shiru.

Saboda haka a fara bincike daga waje. Akwai sabis? Data ba ta ƙare ba? In wata waya ta kama, sa'an nan a komo kan kwamfutar. A duba maɓalli mai alamar jirgin sama, gama shi ke kashe rediyonta. A sake rubuta kalmar sirri a hankali, don babban baƙi dabam yake da ƙarami.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne ta nuna ta kama, amma shafi ya ƙi buɗewa. To, a dubi kwanan wata. Kwamfutar gwanjo, in ƙaramin batirin agogonta ya mutu, takan koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuwa ba su yarda da irin wannan agogo. Daidaita shi aikin minti ɗaya ne, amma lalle a sauya batirin, in ba haka ba gobe ma za ta maimaita.