Manhajar Kallon Kyauta: Abin da Ke Cikin Ƙunshin

A lokacin hutun rana a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ba abin mamaki ba ne a tarar da ma'aikata sun yi gungu a gindin bishiya ko a teburin mai shayi, ana tura wa juna wata manhaja ta Xender, wadda aka ce tana nuna wasannin Firimiya da fina-finan Indiya da na Hausa ba tare da biyan ko kwabo ba. Dalilin yin hakan a fili yake. Data tana da tsada, kuɗin rajistar tashoshin ƙwallo ya fi ƙarfin leburan da ke jiran albashin ƙarshen wata, ga kuma masu tura fina-finai a kasuwar waya ta Farm Centre da cikin unguwanni, waɗanda za su zuba wa mutum manhaja cikin minti biyu. Sai dai wayar da ake zuba wa manhajar ita ce kuma wadda alat ɗin albashi ke shigowa cikinta, musamman tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da jama'a da dama suka koma ciniki ta waya.

Kowace manhajar Android tana zuwa ne cikin wani fayil da ake kira APK. Shi wannan fayil ƙunshi ne, kamar kwalin kaya da ya fito daga masana'anta: a ciki akwai umarnin da waya za ta bi, da hotuna, da kuma jerin izinin da manhajar take so a ba ta. Kafin maƙerin manhaja ya sake ta, sai ya buga mata sa hannu na lissafi da wani mabuɗin sirri da shi kaɗai ya mallaka. Idan aka taɓa ko da harafi ɗaya a cikin ƙunshin, sa hannun ya ɓaci.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Android ba ta tambayar ko wane ne mai sa hannun. Abin da take dubawa kawai shi ne ko akwai sa hannu, kuma ko ya dace da abin da ke ciki. Saboda haka ɓarawo yana iya ɗaukar manhaja ta gaskiya, ya kwance ta, ya cusa nasa umarnin, ya ɗaure, sannan ya buga nasa sa hannun da mabuɗin da ya ƙirƙira da kansa. Tambari da launi da suna duk suna nan yadda suke, har ƙwallon ma tana nunawa. Wanda ya taɓa aiki a sashen ɗaurin kaya a Bompai ya san cewa kwalin da aka farke aka sake liƙewa yana iya ruɗar mai saye, in dai bai san hatimin asali ba.

Akwai wata alama guda da ke tona asiri, kuma ya kamata ɗalibi ya riƙe ta. Android ba ta yarda sabon zubin manhaja ya hau kan tsoho sai in mabuɗi ɗaya ne ya sa musu hannu. To, duk lokacin da aka ce wa mutum sai ya goge ta asalin da ke wayarsa kafin "gyararriyar" ta zauna, ma'anarsa ita ce wani hannu daban ya ratsa ta.

Manhaja, komai muguntarta, ba ta iya yin abu mai yawa sai an buɗe mata ƙofa. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, waya kan tsaya ta tambayi mai ita kafin ta bar manhaja ta taɓa saƙonni ko lambobin mutane ko kyamara ko makirfo. Abin da manhajar kallo take buƙata bai wuce intanet ba, sai kuma wurin ajiye fim in za a sauke shi. Me zai haɗa kallon ƙwallo da karanta saƙon tes? Ta saƙon tes ne banki ke aiko da lambar nan ta amfani sau ɗaya, wato OTP, wadda ke tabbatar da fitar kuɗi. Wannan ne ya sa kamfanin Google ya tsaurara doka a 2019, ya hana yawancin manhajojin Play Store neman izinin saƙonni da tarihin kira. Dokar ta tsaya a bakin kasuwar Google. Fayil ɗin da ya zo ta Xender ko WhatsApp bai bi ta wannan ƙofa ba.

Izinin da ya fi kowane haɗari shi ne wanda aka rubuta wa Accessibility a cikin saitin waya. An yi shi ne don taimakon makafi da masu naƙasa, domin manhaja ta karanta musu abin da ke kan allo, ta kuma danna musu maɓalli. Wanda aka ba wannan izini ya zama tamkar mutumin da ke tsaye a bayan mai waya yana leƙe, kuma hannunsa na kan allon. Yana ganin lambar sirri lokacin da ake rubuta ta, yana iya shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar banki, yana iya ba kansa sauran izini, har ya hana a goge shi. Da wannan dabara ce FluBot ta yi ɓarna, wadda Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kanta a watan Oktoban 2021. Ta saƙon tes take zuwa, a ce wa mutum ga kayansa a hanya, ya sauke manhaja don bin sawu, daga nan sai ta kwashi bayanan banki ta kuma aika kanta ga lambobin da ke cikin wayar. Sai a 2022 'yan sandan ƙasashe 11 suka haɗa hannu suka rusa cibiyarta.

Ba kullum ne ake neman asusun banki ba. Mobdro manhajar kallon talabijin da ƙwallo ce da ba ta cikin Play Store, kuma hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta ce an sauke ta fiye da sau miliyan 100 kafin 'yan sandan Sifen su rufe ta a 2021. Binciken ya ƙiyasta ribar masu ita da fiye da Yuro miliyan 5, wani ɓangare daga talla, wani kuma daga sayar da bayanan masu kallo. Wayoyin jama'a sun zama hanyar da baƙi ke bi su shiga intanet da adireshin mai wayar, da datarsa, da cajin batirinsa. Ga ma'aikacin ofis a Sharaɗa wanda wayarsa ke haɗe da Wi-Fi na kamfani, abin ya wuce kansa, don kuwa manhajar tana zaune ne a cikin katangar da mai gadi ke tsaron ƙofarta.

Gaskiya ce Play Store ma ba tsarkakakkiya ba ce. An sha kama miyagun manhajoji a cikinta. Haka kuma akwai amintattun manhajoji da ake samu kai tsaye daga shafin maƙeransu. Bambancin shi ne a can akwai wanda ya bincika, akwai kuma wanda zai janye kaya in an gano aibu, alhali fayil ɗin da ya ratsa wayoyi goma kafin ya iso Challawa ba wanda zai iya faɗin inda ya faro.

Wanda ya riga ya zuba irin wannan manhaja, kuma ya ga batiri na saurin ƙarewa, ko data na zurarewa, ko talla na faɗowa ba dalili, sai ya fara kashe data da Wi-Fi. Daga nan ya shiga saiti ya janye mata izinin Accessibility da na saƙonni, ya goge ta, ya kunna Play Protect, wadda Google ya samar tun 2017, ta bincika wayar. Izinin zuba manhaja daga waje, wanda tun Android 8 ake bayarwa ga kowace manhaja daban, a karɓe shi daga Xender da Chrome. Lambobin sirri na banki da na imel kuwa, da wata waya daban za a canza su, ba da wadda ake zargi ba. In manhajar ta ƙi goguwa, sai a kwashe hotuna da lambobi, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, a kuma sanar da banki tun kafin ranar biyan albashi.