Idan ƙ ta koma akwati: yadda ake kai ƙarar manhajar rubutu

Duk wanda ya taɓa kai rubutun Hausa shagon buga takardu a Kawo ko Unguwar Rimi ko kan titin Ahmadu Bello ya san abin da kan biyo baya. Ka rubuta "baƙi", a miƙo maka takarda ɗauke da "baki". Ka rubuta "ya ɗaure", ya fito "ya daure", alhali ɗaya maganar igiya ce, ɗaya ta haƙuri. Wani lokaci ma inda ƙ ko ɗ ko ɓ za su zauna sai ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya. Yawancinmu sai mu ce kwamfuta ce ba ta jin Hausa, mu ɗauki biro mu yi wa haruffan lanƙwasa da hannu.

To, ba haka zancen yake ba. Haruffan nan masu lanƙwasa sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kun ga sun girmi kwamfuta. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. Amma da tsarin Unicode ya zo a 1991, an nufi ba kowane harafi na duniya lambarsa. Tamu ƙ lambarta U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ kuma U+0253. Har ƴ da ’yan’uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke sa ’y tana ciki. Saboda haka in kun ga akwati, ko dai salon haruffan da aka zaɓa ba shi da zanen harafin, ko kuwa mai haɗa manhajar bai taɓa gwada ta da Hausa ba. Na biyun nan shi ne ya shafe mu.

Kafin a saki manhaja ga kowa, akan fitar da sigar gwaji, wadda ake kira beta, don jama’a su yi amfani da ita su faɗi inda take tuntuɓe. Gmail ma ya shekara biyar, daga 2004 zuwa 2009, da wannan lamba a goshinsa. A zangon karatun da ya wuce, mu wasu ɗaliban Jami’ar Jihar Kaduna muka sauke wata manhajar rubutu da ke wannan mataki, muka yi ta cusa mata Hausa. Da Turanci lafiya lau take aiki. Da Hausa kuwa, in ka umarce ta ta mayar da "ɗalibi" manyan baƙaƙe, sai ta bar ɗ ƙarama ta girmama sauran. In ka rubuta ’ya’ya, sai ta juya alamar farko ta koma ta buɗe zance. Mafi muni shi ne wajen nema da musanyawa: ba ta bambanta "kasa" da "ƙasa". Ka ce ta canza ɗaya a duk rubutun, ta haɗa da ɗayar. Ku kwatanta wannan a kundin kammala digiri mai shafi tamanin, ana gobe za a miƙa.

Wanda ya haɗa ta mai yiwuwa bai taɓa jin Hausa ba, balle ya san kare daban, ƙare daban. In ba mu faɗa masa ba, haka za a sake ta.

Sai dai kai ƙara ma iyawa ne. "Abin nan ba ya aiki" ba rahoto ba ne, tsaki ne. Mai gyara yana buƙatar ya iya sa matsalar ta sake faruwa a gabansa, don abin da bai gani ba ba zai gyara ba. Ga yadda muka rubuta tamu, da Turanci mai sauƙi: sunan wayar ko kwamfutar, da lambar sigar manhajar, sannan mataki-mataki, na buɗe sabon shafi, na rubuta kalmomi biyu kaza da kaza, na nemi ta farko, sai abin da muka sa rai, wato ta nuna ɗaya, sai abin da ya faru, ta nuna biyu. Muka ƙara layi guda muna bayanin cewa k da ƙ haruffa biyu ne a Hausa, muka sa lambar U+0199 don kada ya zaci datti ne a fuskar kwamfutarsa. Hoton fuskar waya yana taimakawa ƙwarai, amma ku duba kada lambar wani ko saƙon gida ya fito a ciki. Kuma kowace matsala da rahotonta. In kun cusa uku wuri guda, za a gyara ɗaya a manta sauran.

Turawa kan kira irin wannan tangarɗa "ƙwaro". A ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami’ar Harvard sun ciro ƙwaro na gaske daga cikinta, suka manna shi a littafin aiki. Kalmar dai ta riga wannan rana, amma labarin ne ya fi yawo.

Neman ƙari kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Idan manhaja ta yi alkawarin abu ta kasa, ƙara ce. Idan ba ta taɓa yin alkawarin ba, roƙo ne. Mai duba kuskuren rubutun Hausa, ko jera sunaye yadda Ƙasimu zai biyo bayan Kabiru maimakon a jefa shi ƙarshen jeri, duk roƙo ne. A ganinmu roƙon da ya faɗi wa zai amfana da kuma dalili ya fi wanda ya zo da umarni samun shiga, musamman da yake manhajoji irin su LibreOffice da yawan masu aikinsu ’yan sa-kai ne. Gyara kuma yakan ɗau lokaci: sai a 2019 Notepad na Windows ya koma adana rubutu da tsarin UTF-8 kai tsaye, wanda ke riƙe haruffanmu ba tare da sun zama alamar tambaya ba.

Ƙannenmu na sakandare, wannan bai buƙatar ku iya rubuta manhaja. Ranar da kuka shiga ɗakin kwamfuta na makaranta, ko kuka ari wayar yaya, ku rubuta: Ɗan ƙauye ya ɓoye ’ya’yan ɓaure a ɗaki. Ku mayar da jimlar manyan baƙaƙe, ku adana, ku rufe, ku sake buɗewa, in da hali ku buga a takarda. Harafin da ya ɓace, ku rubuta a wane mataki ya ɓace, da sunan manhajar da lambar sigarta.