Kafin a ja kunama: shirin sabon soja na zuwa filin harbi

Iyaye da dama, ƴan kasuwa da ma'aikata, sun raka ɗa tasha zai tafi Tondibiya, kusa da birnin Yamai, inda ake horar da sabbin sojoji. Ba sojoji kaɗai ke bi ta filin harbi ba: jandarma, ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji, kowa sai ya kwanta rub da ciki gaban allon bara. Sai dai kuma rabin sakamakon ranar harbi tun daren jajibiri ake yanke shi.

Bindigar da aka fi miƙa wa sabon shiga ita ce Kalashnikov, wadda rundunar Tarayyar Sobiyat ta karɓa a 1949. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, harsashin kuwa na fita da gudun wajen metir 715 a daƙiƙa. Ta yi suna wajen jure wahala, kuma wannan sunan ne ke sa wasu sakaci. Ana kwance ta, a goge, a duba bututun da haske, domin ɗan tsumma ko dunƙulen ƙasa da ya maƙale ciki na iya fasa shi a hannun mai harbi. Mai kuma kaɗan ake shafawa. A ƙasar rairayi, balle lokacin hunturu, man da ya yi yawa kan haɗu da ƙura ya zama laka. Tsofaffin harsasai na barin wani gishiri mai jawo tsatsa, shi ya sa ba a barin bindiga ta kwana ba a goge ba.

Shirin mutumin ya fi wuya. Ana koyon jan kunama da bindigar da aka tabbatar babu kome cikinta: gindinta a kafe cikin kafaɗa, a saki numfashi, a ɗan dakata, yatsa ya matsa sannu. Mai fizgar kunama don tsoron ƙara, harsashinsa ƙasa yake nufa. Wanda bai yi barci ba, ko ya cika shayi da asuba, hannunsa zai tona masa asiri.

A filin, ba tsakiyar allo ake nema da farko ba, a'a, harsasai su taru wuri guda. In sun taru, sai a gyara tsinken gaba: juyi ɗaya cikakke na matsar da harbi wajen santimetir 20 a nisan metir 100.

Akwai abin da matasa ke renawa, wai alamar ragwanci ce: matoshin kunne. Ƙarar bindiga ta wuce desibel 140, kuma jin da ta lalata ba ya dawowa. Uban da zai haɗa wa ɗansa kaya, bayan sukari da sabulu, ya dace ya biya farmasi ya sayo su. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.