Zakara Ne Ko Kaza?

Manomi, in ka je sayen ƴan tsaki a Yamai, kada ka yi garaje. Tsakon gida na kwana 7 ba a gane shi da ido. Jira sati 6: zankon namiji ya kan fi girma da ja, ƙafafunsa sun fi kauri. A wata 3, gashin wuyansa mai tsini ne, na mace zagayayye.

Dubi iri kuma. Durgu gajerun ƙafafu gare ta, fingi gashinta a birkice. Tsakin ISA Brown kuwa tun ranar ƙyanƙyasa mace ja-ja ce, namiji fari-fari. Wanda ya sayi farare don arha, ya yi ta zuba dussa babu ƙwai.

Zakara 1 ya ishe kaji 10.