Akawun Da Ba Ya Gajiya

Duk wanda ya taɓa zama bisa teburin ofis ya san rabin aikin malanta kwafe ne. A ɗauko suna daga wannan littafi a zuba a wancan, a ɗauko adadi daga wancan a kai wani. Aikin ba shi da wuya, amma shi ya fi cin lokaci, ta nan kuwa kuskure ya fi samun kafar shiga. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malamanmu na ofisoshi da na makarantu bayanin wata dabara ta kwamfuta da a ke kira makuro, mu faɗi amfaninta, mu kuma nuna inda ƙayarta ta ke.

Tun daga 1917 da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, har zuwa 1967 da aka rarraba Jihar Arewa, lissafin larduna a nan ya ke taruwa. Malamin haraji ya rubuta a gaban dagaci, a kwafe cikin littafin hakimi, a sake kwafewa a Baitulmalin En'e, a aika ofishin Razdan, daga can a aiko da jimla Kaduna. Wanda ya ziyarci Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon zai ga aikin hannun malaman wancan zamani. En'e dai ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma kwafe bai wuce ba. Har yanzu ma'aikatun Jihar Kaduna suna tattara rahoto daga ƙananan hukumomi 23, malamin makaranta kuma, ko a Kawo ya ke ko a Unguwar Rimi, duk ƙarshen zango sai ya tara makin ɗalibai aji-aji ya haɗa su wuri guda.

Abin da ya canja shi ne littafin. A 1979 wasu mutanen Amurka biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, suka fito da VisiCalc, watau jadawalin lissafi na kwamfuta. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, sa'an nan Excel na kamfanin Microsoft a 1985, shi ne kuwa ya fi yawa a ofisoshinmu. Fayil guda na Excel kamar littafi ya ke mai shafuka da yawa, kowane shafi an tsaga shi gida-gida, kowane gida da lambarsa.

To, makuro jerin umurni ne da kwamfuta ke riƙewa ta maimaita. Mu ɗauka malami yana da aji shida, kowane da shafinsa, yana so ya zuba su cikin babban shafi na makaranta. Sai ya taɓa maɓallin ɗauka, kamar mai ɗaukar murya a rikoda, ya yi aikin sau ɗaya da hannunsa: ya zaɓi sunaye da maki, ya kwafe, ya koma babban shafi ya zuba, har ya gama, sa'an nan ya tsayar. Duk abin da ya yi Excel ya rubuta shi cikin wani harshe mai suna VBA, wanda aka sa masa tun 1993. Zango mai zuwa, da taɓawa ɗaya aikin wuni ya ƙare kafin shayi ya huce.

Kada a raina wannan. A 2012 babban bankin nan na Amurka, JPMorgan, ya yi hasarar fiye da dala biliyan 6 a wani ciniki a Landan. Cikin laifuffukan da binciken bankin ya lissafa har da cewa ma'aunin haɗarin cinikin yana tafiya ne bisa shafukan Excel da a ke cikawa ta hanyar kwafe da hannu. In hannu ya zame wa ma'aikatan babban banki, ina ga akawun da ke fama da takardar albashi ana jiransa a bakin ƙofa?

Amma fa mu lura, wannan akawu da ba ya gajiya, ba ya kuma tunani. Abin da aka nuna masa shi ya sani. In an ɗauke shi lokacin da ɗalibai 40 ne a aji, lambobin layukansu kaɗai zai riƙe. Ran da aka ƙara yaro na 41, sai ya tsallake shi, ba kuwa zai ce uffan ba. Yaron ya yi jarrabawa, ga makinsa a shafin aji, amma a babban shafi kamar bai taɓa shiga makarantar ba. In mai fansho ne aka tsallake haka, gida guda ke nan ya kwana da yunwa.

Irin wannan ta faru a Ingila a Oktoba 2020, lokacin annobar korona. Kwamfuta ce ke kwashe sakamakon gwaji tana zubawa cikin shafukan Excel na tsohon yayi, waɗanda ba su ɗaukar fiye da layi 65,536. Da shafi ya cika, sauran suka zube ba wanda ya sani. Sakamako 15,841 na masu ɗauke da cutar suka makara shiga lissafi, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba.

Domin haka ga shawararmu ga mai son ya ɗauki wannan akawu aiki. Da farko, a gyara umurnin ya riƙa neman layin ƙarshe da kansa, kada a ɗaure shi ga lamba guda. Na biyu, a sa shi ya zuba adadi tsagwaronsa, ban da ƙa'idar lissafin da ke ƙarƙashinsa, gama ƙa'idar in ta sauya gida sai ta koma duban wasu gidaje. Na uku, a ajiye kwafin littafin kafin a sake shi, domin abin da makuro ya shafe maɓallin komawa baya ba ya maido shi. Na huɗu, a adana fayil ɗin cikin nau'in xlsm, in ba haka ba makuron zai ɓace. Na biyar, kada a buɗe wa makuron baƙo ƙofa. Ta wannan hanya ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya a 1999, shi ya sa tun 2022 Microsoft ke toshe makuron fayilolin da suka fito daga intanet.

Gaba da duk waɗannan akwai al'adar Baitulmali, wadda ba ta tsufa. Ma'aji na da ba ya rufe littafi sai jimlar gundumomi ta yi daidai da kuɗin da ke cikin akwati, ko da sisi ne ya ɓata sai an nemo shi. Haka ya kamata a yi yau. Bayan makuro ya gama, a ƙirga sunayen da ke shafukan aji, a ƙirga na babban shafi, a haɗa jimlar nan da ta can. In sun yi daidai a sa hannu, in ba su yi ba a tsaya a bincika. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon shugabannin ofisoshi da hedimastoci su ba malamansu damar koyon wannan aiki, kada kuma su bar shi a hannun mutum ɗaya, domin ran da aka yi masa canjin wurin aiki sai a bar ofis da maɓallin da ba wanda ya san abin da ya ke yi. A rubuta bayaninsa a ajiye, a koya wa na baya. Kwamfuta za ta ɗauke mana wahalar kwafe, amma ran da mai binciken kuɗi ya zo, ko uban yaro ya tsaya a ƙofar ofis, wanda ya sa hannu shi za a tambaya.