Cancanta Ko Ƙarfi: Shiga Wasannin Fidda Gwani Na Jami'o'in Amurka

Jami'o'in Amurka fiye da 130 ne ke babban mataki na ƙwallon ƙasar, watau wadda ake ruga da ita a hannu. Kowace ƙungiya takan yi wasa 12 ne a kaka, saboda haka yawancinsu ba sa haɗuwa da juna. To, ta yaya za a gane waɗanda suka dace su shiga wasannin fidda gwani?

A da ra'ayi ne ke naɗa zakara. Tun 1936 'yan jarida ke jera ƙungiyoyi ta hanyar ƙuri'a. Daga 1998 zuwa 2013 aka gwama ƙuri'a da lissafin kwamfuta don a zaɓi biyu su yi karon ƙarshe. A 2014 aka danƙa aikin ga kwamitin mutum 13, shi ke tsamo ƙungiyoyi huɗu.

Ma'auni biyu ne ke gaban irin wannan kwamiti. Na farko cancanta, watau abin da ƙungiya ta samu da guminta a fili. Na biyu ƙarfi, watau wadda ake zaton za ta fi taɓuka abin kirki in an gwabza. A 2023 ma'aunan nan suka yi hannun riga. Jami'ar Jihar Filorida ta ci wasanninta 13 duka, ta zama zakarar rukuninta. Amma da yake jagoran 'yan wasanta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, sai kwamiti ya ajiye ta ya ɗauki Alabama, wadda aka taɓa kayarwa sau ɗaya. Hujjar kwamiti ba ta banza ba ce, domin abokan karawar Alabama sun fi tsauri. Duk da haka an hukunta ɗalibai a kan wasan da ba a riga an yi ba.

A 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12: gurbi 5 na zakarun rukunoni, 7 kuma zaɓin kwamiti. Gardama ba ta mutu ba, gaba kawai ta matsa, don kuwa ko gurbi nawa aka yi, akwai wanda zai tsaya a bakin ƙofa.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ba cancanta fifiko, tun da gani ya kori ji. Duk wanda ya zama zakaran rukuninsa ya shiga ba da alfarmar kowa ba. Sauran guraben a cike su bisa ƙa'idojin da aka shelanta tun kafin a fara kaka, musamman nauyin abokan karawa da sakamakon haɗuwa gaba da gaba. Ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai ko na ƙarin girma ya san dalili: wanda aka kayar da ƙa'idar da ya sani tun farko yakan haƙura, amma wanda aka kayar da zato ba ya mantawa.