Daga Hannu Kaye Ke Farawa

Idan gardama ta yi tsami tsakanin samari biyu a lungunan Kabara, ko a bakin titin gidan Sarki inda 'yan adaidaita sahu ke gogar juna, abin da hannu ke fara nema shi ne kwalar riga. Babu wanda ya koya wa wani. Mutum ya ci kwalar ɗan'uwansa ya murɗa, nan take ka ga wanda aka riƙe muryarsa ta yi ƙasa, ya koma ɗage a kan yatsun ƙafa, har dattawa su taso daga kan tabarma su raba. To, akwai wasan da aka gina kacokan a kan wannan riƙo, da dokokinsa da alƙalansa da gasarsa ta duniya. Sunansa jiyu-jitsu. Samarinmu sun fara cin karo da shi a wayoyinsu, suna ganin mutane biyu cikin fararen riguna masu kauri suna ta fizgar juna kamar ba su da aikin yi, can sai ɗaya ya sha ƙasa. Rigar nan ita ake kira gi, kuma waccan fizge-fizgen da ake gani kamar ɓata lokaci, a nan ake cin wasan.

Asalin abin daga Japan ne. A 1882 wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano, wanda suna kawai ya haɗa shi da garinmu, ya tace tsofaffin dabarun kokawar ƙasarsu ya buɗe makarantar Kodokan a Tokiyo, ya sa wa salonsa suna judo. Wani ɗan makarantar, Mitsuyo Maeda, ya sauka Barazil a 1914, ya zauna a garin Belem, ya koyar da wani saurayi Carlos Gracie. Carlos da ƙanensa Helio suka mayar da hankali kan abin da ke faruwa bayan an faɗi ƙasa, wato danniya da shaƙa da murɗe gaɓa har abokin karawa ya sallama. Duniya ta waiwaye su ne a 1993, lokacin da Royce, ɗan Helio, ya shiga gasar UFC ta farko a birnin Denba na Amurka da farar rigarsa, ya gama da mutum uku a dare ɗaya, kowannensu ya fi shi nauyi. A 1996 aka fara gasar duniya ta wasan a birnin Riyo.

Bahaushe ba baƙon kokawa ba ne, shi ya sa fahimtar wannan wasa ba za ta ba shi wuya ba. Da kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, sai ƙauyuka su buɗe fage. Maƙwabtanmu na Nijar ma har sun mayar da ita wasan ƙasa: a 1975 aka fara gasar takobi a Tawa zamanin Seyni Kunce, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko, yanzu jihohinsu takwas ke turo 'yan kokawa goma-goma, kuma Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin nan har sau shida. Ko a unguwar malamai irin Kabara ba a yi wa kokawa kallon banza, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo ruwayar kokawar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Rukana, inda ya kayar da shi.

Duk wanda ya taɓa zama a bakin fage ya san yadda karawa ke farawa. Su biyun a sunkuye, goshi kusa da goshi, kowa ya miƙa hannu ɗaya yana lalube, ɗayan yana kaɗe hannun da aka miƙo masa. Wani ya duƙa ya ɗebi yashi ya murza a tafi saboda gumi. A yi minti uku, huɗu, 'yan kallo su fara guna-guni wai an ƙi kamawa. Alhali an daɗe da kamawa. Kowannensu na neman ƙeya, ko tsintsiyar hannu, ko ya zura hannu ƙarƙashin hammata, kuma ya san wanda ya riga samun makama shi ke da kaye. Sai dai jikin ɗan kokawa santsi gare shi. Ka kama yanzu, ya suɓuce yanzu, don haka dole ka yi amfani da riƙon a cikin ƙiftawar ido.

Riga ta sauya wannan lissafi gaba ɗaya. Gi ba shaddar Kwari ba ce da za a fizga ta yage. Saƙar auduga ce mai kauri, kwalarta an ninka an yi mata ɗinki layi-layi har ta yi tauri, kafin gasa ma sai an auna tsawon hannunta da faɗinsa don kada wani ya ɗinko matsattsiya ya hana a kama shi. Idan aka damƙe ka a cikinta, gumi ba zai cece ka ba. Wannan ne ya sa siririn mutum da ya iya riƙo yake iya wahalar da ƙato, ya ja shi nan ya ja shi can har numfashinsa ya ƙare.

Riƙon da ake fara koya wa kowa guda biyu ne. Mai amfani da dama zai kama kwalar abokin karawa da hannun dama, daidai ƙashin wuya, ya kama hannun rigarsa da hagu, a gwiwar hannu ko a bakin tsintsiya. Hannun kwala shi ke juya kafaɗu da kai, yana ɗagawa yana dannewa. Na hannun riga shi ke ja, kuma shi ke hana mutum dafa ƙasa ya tsira idan ya tafi faɗuwa. Sabon shiga yakan yi wawan kamu, ya dunƙule yatsu biyar ya matse iya ƙarfinsa, kafin minti biyu damtsensa ya kumbura ya kasa ko buɗe tafi. Wanda ya daɗe a wasan da ƙananan yatsu uku yake riƙo, ƙaramin yatsa da biyun da ke bin sa, ya bar manuniya da babban yatsa a sake, tsintsiyar hannunsa na lanƙwasa yadda yake so. Ba ya matsewa sai lokacin ja. Gwiwoyin hannunsa kuma suna manne da haƙarƙari, domin hannun da ya yi nisa da jiki ganima ne.

Da wanne za a fara? Ni dai ina tare da masu cewa a fara da hannun riga, musamman hannun da abokin karawa ya fi ƙarfi da shi. Dalili kuwa, wanda ya miƙa hannu kai tsaye zuwa kwala ya miƙa wa wancan hannun rigarsa kyauta. Amma idan ka cafke hannunsa na dama tun yana hanya, ka danna shi ƙasa wajen cikinsa, ka raba shi da rabin dabarunsa, kai kuma kwalarsa na nan tana jiran ka. Ana iya jawo kwalar da hannu ɗaya a miƙa wa ɗayan, don a samu riƙo mai zurfi ba tare da an buɗe jiki ba. Doka ɗaya da ya kamata a sani a nan: ba a zura yatsu cikin bakin hannun rigar abokin karawa ko ƙafar wandonsa. Daga waje ake tattaro yadin a kama.

Idan kuma abokin karawa ne ya riga ka kamawa, kada ka ce bari ka ci gaba a haka. Nan ne mafi yawan masu koyo ke shan ƙasa. A ce ya damƙi kwalarka. Ka sa hannu biyu a kan nasa ɗaya, ɗaya ya kama yadin da ke bakin tsintsiya, ɗaya ya dafa bayan hannun, ka tunkuɗa shi gaba da ƙasa a daidai lokacin da ka janye ƙirjinka baya. Fizga ɗaya ce mai kaifi, ba ja-in-ja ba. Kuma da ya saki, kai kada ka saki. Hannunsa yanzu yana wurinka, kana da biyu a kan ɗaya. Ka ja shi ya gitta gabansa, sai ga gefensa da bayansa a buɗe. Mutum ya ɓamɓare riƙo sannan ya ja da baya yana huci, bai yi komai ba, sake lale kawai aka yi.

Jigoro Kano ya kasa kaye gida uku: a raba mutum da daidaituwarsa, a shige masa, sannan a kayar. 'Yan kallo na ukun kaɗai suke gani, masu koyo kuma shi suke ɗokin a nuna musu, amma wanda ya tsallake na farko ƙarfi kawai zai yi ta zubarwa. Mutumin da ya kafa ƙafafunsa biyu ya sauke ƙugu ba ya kayuwa. Sai ka sa shi ya taka, ko ya ɗora nauyinsa duka a ƙafa ɗaya. Hanyar kuwa ita ce ɗabi'ar ɗan Adam: ka tura shi, ya turo ka, ka ja shi, ya turje baya. Gwani kan tura kaɗan don a turo shi, da turowar ta zo sai ya juya ya shige ƙarƙashi, ƙugunsa ƙasa da na wancan, kamar yadda ɗan dako a Dawanau ba ya ɗaga buhu da hannu, shiga ƙarƙashinsa yake ya bar nauyin ya hau kansa. Daga nan miƙe gwiwa kawai ya rage.

Ga wasu dabarun kaye da ake yawan gani. Akwai taɗiya, wadda kowane yaro ya sani, sai dai a nan lokacinta ake karanta: ka ja hannun riga ya tako, kafin tafin ƙafarsa ya gama zama a ƙasa ka share shi da naka. Ka makara da ƙiftawa ɗaya, ƙwaurinsa za ka harba a banza. Akwai ɗaukar diddige. Kana riƙe da kwala, ka ja shi ya jefo ƙafa gaba, ka danna kansa ya rinjaya kan wannan ƙafar har ta yi nauyin da ba zai iya janye ta ba, sai ka sauka kan gwiwa, ka saki hannun riga ka tallabo diddigen, ka tura kwalar baya. Ba sai da ƙarfi ba, zama yake yi daɓas. Akwai kuma jan kwala: ka kama kwalar da ke ɗaya ɓangaren, ka kauce daga gabansa, ka saki nauyinka duka a kanta. Idan yana turowa ne, da hannu da gwiwa zai sauka, kai kuma ka tashi a bayansa. Ba a cika kayar da wanda ya san wasa da hari ɗaya ba. Za ka saƙalo ƙafarsa ta ciki, ya ɗaga ta ya tsira, to a wannan ɗagawar ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ita ce ainihin wadda kake nema. Yaron da ya tashi yana langa a dandali, yana tsalle da ƙafa ɗaya ana bangazarsa bai faɗi ba, ya zo da guzurin da ake shan wuya kafin a koya wa wasu.

Akwai abin da ya raba wannan wasa da kokawarmu, har ma da judo. A fage, da ka kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A judo ma kaye mai kyau a kan gadon baya ya gama wasa. A jiyu-jitsu maki 2 kacal ake ba ka, shi ma sai ka danne shi na daƙiƙa 3. Wuce ƙafafunsa maki 3 ne, hawa ruwan cikinsa ko kama bayansa maki 4. Saboda haka kafin ka zaɓi kaye sai ka tambayi kanka a ina za ka sauka. Kayen nan mai ban sha'awa da ake juya baya a ɗauko mutum ta kafaɗa, idan ya ƙi, ka ba shi bayanka da wuyanka, ga kuma kwala a hannunsa. Sannan tun 2013 judo ta hana kama ƙafa da hannu a tsaye, jiyu-jitsu kuwa ba ta hana ba, shi ya sa za ka ga 'yan wasanta a sunkuye, ƙugu a baya, tsayuwar da ta fi kama da ta 'yan Doso da Damagaram.

Wani abu da zai ba ɗan kokawa dariya shi ne, doka ta yarda mutum ya kama riga ya zauna ƙasa da kansa, ya jawo abokin karawa tsakanin ƙafafunsa, ya ci gaba da wasa daga nan. Zakaru da yawa haka suke yi, kuma dabara ce ta gaske. Amma ko ita sai da riƙo, domin wanda ya zauna hannu wofi alƙali zai hukunta shi, idan kuma wancan ya riga ya kama wandonsa kafin ya zauna, ya danne shi, maki 2 sun tafi. A ganina, malamin da ya bar ɗalibi ya shekara yana zama ƙasa don tsoron tsayuwa ya rage masa abu mai yawa.

Sauran magana ta masu son gwadawa ce. Kada wanda ya kalli bidiyo ya kira ƙanensa ya ce zo in nuna maka a kan siminti ko dandaɓar soro. A makarantar kirki faɗuwa ake fara koya kafin kayarwa: a manna haɓa a ƙirji, a daki katifa da dukan hannu, kada a miƙa tafi a tare ƙasa, domin nan tsintsiya da gwiwar hannu ke karyewa. An hana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, an kuma hana kayen almakashi, wanda ake tsalle a datse ƙafafun mutum da naka, irin wanda ya karya ƙafar zakaran judo Yasuhiro Yamashita a 1980. Shaƙa da kwala kuwa jijiyoyin gefen wuya take toshewa, masu kai jini ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙu mutum ya sume. A kan katifa, da ya bubbuga hannu sai a saki. A rigimar titi babu wannan yarjejeniya, mai murɗa kwalar kuma bai san abin da hannunsa ke yi ba.

Yatsu ma suna biyan nasu kuɗin. Waɗanda suka daɗe suna wasan za ka ga gaɓoɓin yatsunsu sun kumbura, suna naɗe su da filasta kafin su hau katifa, kuma yawanci taurin kai ne sila: an fizge riga da ƙarfi, mutum ya ƙi saki. Gara ka saki ka sake kamawa. Ita kuma rigar, a zafin Kano na watan Afrilu, wanki take so bayan kowane atisaye, a shanya ta a rana ta bushe ƙarau, in ba haka ba makero da ƙuraje su zagaye 'yan ajin gaba ɗaya.